Ki Sauka, Yayarsu

Highbridge, ranar Alhamis bayan azahar

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiyar jiki da natsuwar zuciya, Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ta ƙasa da ta sama, Ya kai ki inda za ki cikin aminci.

Na san za ki yi dariya, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naku. To amma ke ce ba a gama magana da ke. Ina buɗe baki, kafin in kai tsakiya kin riga kin ba ni amsa da Turanci, kin jero dalilai, kin rufe zancen, kin kuma tambaye ni ko na sha magani. Takarda kuwa ba a katse ta. Da gangan na rubuta da Hausa, ki zauna ki yi ta haɗa baƙi yadda nake fama da naku. In kin ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinki ki tambayi babanki, shi ma yau ya ji daɗin a zo wurinsa neman fassara.

Ranar Lahadi kuna cin tuwo, ni ina tsaye a kicin ina juya miya, na ji kin rage murya kin ce wa babanki, “Baba, I can ask them to hold my place. Maybe next year.” Turancina bai kai na gaban likita ba, amma next year na san shi sarai, da shi mai gidan hayar nan yake amsa mana maganar gyaran taga tun kina sakandare. Babanki ya ce to, don shi duk abin da kika faɗa to ne. Ni kuwa ban manta ba, da bakinki kika gaya mini ranar da amsar jami'ar ta zo cewa wannan gurbin ba a ajiye wa kowa shi, wanda bai zo ba sai a ba na bayansa. Kin yi shekaru kina neman mutanen nan na arewacin Sifaniya su ɗauke ki, sun ɗauke ki, sun ɗauki nauyinki, jirginki mako mai zuwa ne, yanzu kuma kina neman ki mayar musu da abinsu saboda sukarina ya hau, saboda lasisin teburin da babanki ke sayar da kaya a bakin titi ya kusa ƙarewa, saboda Zainab ƙanwarki tana shekarar ƙarshe a sakandare. Wannan ne ya zaunar da ni rubutu.

Bari in fara da sarkin nan naki, tunda shi ya jawo mana duk wannan. Kin tuna ranar da kika ba ni labarinsa ina yankan alayyahu? Na ce miki duk sarakunan duniya, masu gina birane da masu cin ƙasashe, kin rasa wanda za ki ƙare ƙuruciyarki a kansa sai wanda ko kujerar bai gama ɗumamawa ba. Kika ce in saurara dai. Kika ce a can cikin duwatsun arewa ne, zamanin da Musulmi ke riƙe da yawancin ƙasar daga Ƙurɗuba. Mutumin ɗan gidan sarauta ne amma ƙaramin malamin coci aka yi shi, ba a raine shi don mulki ba. Da sarkin lokacin ya mutu, manyan gari suka tsallake wani saurayi ɗan'uwansa da ya fi shi kusa da gadon, suka ɗauko shi suka naɗa. Ya yi 'yan shekarunsa kaɗan, ya fita yaƙi da rundunar Ƙurɗuba, aka yi masa kaca-kaca. Da ya dawo sai ya kira saurayin nan da aka tsallake ya miƙa masa sarautar, ya koma gefe, ya ci gaba da rayuwarsa lafiya lau har ajali ya zo masa a kan shimfiɗarsa.

Babanki yana ɗaure kayan teburinsa a falo, huluna da lema da safar hannu, ya ɗago ya ce, “To namu na sunka ci kenan?” Kika ce, “Baba, it's not football.” Ya ce, “Bon, amma dai sun ci.” Har yau in ya tuna yakan yi murmushi kamar da shi aka je.

Kin ce abin da tsofaffin littattafan suka rubuta a kansa bai cika tafin hannu ba, kuma abin da kike son ganowa shi ne, da kansa ya sauka ko ture shi aka yi. Ranar na ci gaba da yankana. Amma na jima ina juya maganar, domin ni ma na taɓa sarauta, kuma tawa ko tasa ba ta kai ba.

Kina firamare lokacin, ba lalle ki riƙe yadda aka fara ba. Magajiyar matan masallacinmu ta tsufa ta koma Kumasi wajen jikokinta. Matan Nijar suka ce wannan karon tasu ce, matan Gana suka ce kujerar a hannunsu take tun kafin a san da masallacin. Aka yi ta ja har aka fara daina gaisawa a bakin ƙofa. Daga ƙarshe wata ta ce ga maman Yaya, Bakatsiniya ce, mijinta ɗan Maraɗi, maƙwabtanta duk 'yan Gana. Aka ce an yarda. Sun zaɓe ni ne don ni ba ta kowa ba ce, babu wadda za ta ce an kayar da ita. Ni kuwa na dawo gida kaina ya yi girma, na ɗauka sun duba duk yankin nan namu na Bronx ba su ga mai hankalina ba.

Aikin magajiya ba wani abu ba ne. In an yi haihuwa ko rasuwa ko aure, ita ke sanar da mata, ta raba aiki, ta tabbatar wadda ba ta da dangi a ƙasar nan ba ta ji rashinsu ba. Yadda aka saba a suna, kowane ɓangare ya dafa nasa ya kawo. 'Yan Gana su zo da wake da shinkafarsu da baƙin yajin nan nasu, 'yan Nijar su zo da dambu da zogale, mu mu soya masa. Hargitsi ne, wata ta zo da wuri wata ta zo ana tashi, wani lokaci shinkafa ta yi yawa nama ya yi kaɗan. Amma ban taɓa ganin an tashi da yunwa ba. Ni sai na ga abin bai tsaru ba. Na sa aka tattaro manyan tukwanen ƙungiya aka kawo gidana, na ce daga yau girki wuri ɗaya za a yi, a ƙarƙashin idona. Wadda ta ce in bar mata miya sai in ce ta huta. Ina ganin kirki nake yi, ashe cewa nake yi da su ba su iya ba.

Sai ga sunan Fa'iza. Yarinya ce daga Damagaram, haihuwar fari, mijinta yana kai kaya a mota, suna zaune can Port Richmond a tsibirin da sai da jirgin ruwa muke zuwa, uwarta da 'yan'uwanta duk suna gida. Irin wadda aka kafa ƙungiyar dominta kenan. Na dafa komai a kicin ɗin nan namu da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Direban da ya yi mini alkawarin mota ya samu fasinjan filin jirgi ya kashe wayarsa. Lif ya lalace kamar yadda ya saba in ana buƙatarsa. Muka sauko da kuloli a hannu, ni da ke da wata maƙwabciya, muka gangara tudun nan zuwa jirgin ƙasa, daga nan zuwa bakin ruwa, muna isa jirgin ruwan yana janyewa a gaban idonmu. Ke kina rungume da kular masa, ta fi rabin tsawonki. Da muka isa gidan an yi la'asar. Maza sun sha shayi da burodi sun koma bakin aiki, mata sun fara ɗaura mayafi. Fa'iza tana zaune ta sha lalle da kwalliya, jaririnta a cinya, ta ɗago ta ce, “Sannu da hanya, Mama, kun sha wahala.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar sunan ɗanta na fari guda ɗaya ce a duniya, kuma ni na ɓata mata ita, har yau in na gan ta sai na ji kunya.

Hajiya Memuna, babbar matan Gana, ta taya ni sauke kuloli. Ta ce da Hausarta ta Kumasi da ba ta raba mace da namiji, “Magajiya, ka yi ƙoƙari paa. Amma mu ma muna da hannu, Allah bai yanke ba.” Iyakar abin da aka ce mini kenan.

Don haka ki ji na farko. In mutane suka ɗora miki wani abu, kada ki ɗauka babu mai iyawa sai ke. Sau da yawa kin fi kusa ne, ko kin fi saurin cewa to. Kuma in kin hana mutum ya taya ki, ba hutar da shi kika yi ba, ko da kuwa haka kika nufa.

Yanzu ga amsar tambayarki, daga bakin wadda abin ya faru a kanta. Babu wadda ta ce in sauka. Sai dai na lura waya ta rage ƙara. Aka yi wata haihuwa, sai a bakin maƙwabciya na ji, an riga an raba aiki. Ranar wata Juma'a bayan salla na miƙe na ce bayana yana damuna, ina roƙon a nemi wata. Kowa ta ce ayya, Allah Ya sawwaƙe. Na ɗan tsaya ko wata za ta ce haba Magajiya ki daure. Shiru. To da kaina na sauka ko ture ni aka yi? Wallahi ni da nake wurin ban iya raba miki su ba. Ƙafata ce ta taka matakalar, amma an riga an buɗe mini ƙofa an tsaya ana kallona. Ina jin haka aka yi da sarkinki. Kada dai ki sa wannan a bincikenki, malamanki su ce daga kicin kika samo.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne wanda ya biyo baya. Na sauka da baki, na riƙe tukwane. Aka naɗa Hajiya Memuna, amma duk hidimar da ta taso sai ta aiko a hawo benen nan a yi mini sallama a karɓa. Ni kuma in bayar, in bi su har bakin matakala da bayani, kada a cika gishiri, a jiƙa shinkafar masa tun jiya, wa aka ba nama, me ya sa ba a ba wance ba. In sun dawo da su in duba gindinsu in ce ba a wanke da kyau ba. Baiwar Allah tana magajiya amma sai ta bi ta hannuna kafin ta ɗora ruwa a wuta. Ku kuma kuna kwana da tukwane a ɗaki, Zainab har ɓuya take yi a cikin babbar. Wata safiya babanki, da bai taɓa sa baki a harkar mata ba, ya kwance kayansa daga kan keken turawarsa ya fara loda tukwanen. Na ce me kake yi haka? Ya ce, “Waɗanga tukwane sun gama zama. Ko su hita ko ni in hita, ɗakin bai ɗaukarmu duka.” Ya tura su har ƙofar Hajiya Memuna, ya makara zuwa teburinsa, ni kuma na yi kwanaki ba na amsa masa magana sai da ƙyar.

Daga ranar na fara jin daɗin suna. In je in zauna a zuba mini, in ci, in ce miya ta yi daɗi ko ba ta yi ba, in dawo gida ƙafata ba ta kumbura ba. Hajiya Memuna da nake ganin kishiyar mulki ta zama aminiyar da kika sani, wadda ba ta iya wuce layinmu ba ta hawo ba. Shi ya sa abin da ya fi burge ni a labarin sarkinki ba saukar ba ce. Kin ce bayan ya sauka littattafan ba su ƙara cewa komai a kansa ba, kina jin haushin haka. Ni kuwa shirun nan ne ya nuna mini mutumin kirki ne. Da ya yi ta aika wa yaron da saƙo, yi kaza bar kaza, da an samu rigima, da an rubuta.

Ke ma kina da tukwanenki, na gan su. Ƙararrawar shan maganina a wayarki take bugawa, ba a tawa ba. Lambobin sirrin komai na gidan nan a kanki suke, na wuta, na asibiti, na makarantar Zainab. Na ji kina gaya mata duk ambulan ɗin da ya zo ta ɗauki hotonsa ta tura miki kafin a buɗe. Wato ko kin tafi, nufinki ki zauna a Sifaniya kina mulkin Highbridge ta waya, kina ajin karatu rabin hankalinki yana kan ko na ci abin da aka hana ni. Wanda ya tafi haka bai tafi ba, kuma bai zauna ba. Ki sauke su duka kafin ki hau jirgi.

Na san ba ke kika nemi wannan sarautar ba. Mu muka naɗa ki, kuma na san ranar.

Kina aji huɗu, ina da cikin da ya zo bayan Zainab. Na kwana biyu ban ji motsi ba, na ɗauke ki daga makaranta muka tafi asibiti, don babanki yana bakin titi kuma in ya tashi wani zai kama masa wuri. Likitar ta duba, ta sake dubawa, ta dube ki, ta ce a jira a kira mai fassara ta waya. Na gane nufinta daga alamar da ta yi da hannu. Na ce a'a, ga 'yata, tana jin komai. Ina alfahari ne fa, ina so ta ga irin yarinyar da na haifa. Kuma ba na son baƙo, wataƙila ma namiji, ya ji maganar cikina. Matar ta yi jinkiri, na matsa mata. Ta durƙusa daidai tsawonki ta yi miki magana a hankali. Kika juyo, kina neman kalmar da babu wanda ya taɓa koya miki, kika ce, “Mama, ta ce zuciyar baby ta tsaya.”

Na yi kukana, ke ba ki yi ba. A bas ke kika riƙe jakata, ke kika ja igiyar tsayawa, ke kika gaya wa babanki da ya dawo. Ina kwance ina jin ki kina ba Zainab abinci kina ce mata ta yi shiru Mama ba ta da lafiya. Daga ranar ban ƙara ganin kin yi wasa har kin manta da kanki ba. Kowa ya yi ta yabo, yarinyar nan akwai hankali, kamar babba. Ni ma ina jin daɗi ina cewa ai Yayarsu ce uwar gidan. Muka miƙa miki mai gidan haya da likita da malaman makaranta da duk wanda ya buga ƙofa da Turanci. Na fara zuwa ajin koyon Turanci na manya a laburare, na bari bayan ɗan lokaci, na ce me zan yi da shi tunda ina da ke. Yarinya ƙarama na ɗauka na tsayar tsakanina da mutuwar ɗana, don kawai ina jin kunyar baƙo. Wannan ba laifin ƙasar nan ba ne, ba na talauci ba ne, nawa ne. Ki yafe mini.

In Allah Ya ba ki naki 'ya'yan, duk wayon yaro ki bar shi ya zama yaro. Akwai maganar da kunnen babba kawai aka yi wa ita.

Kin san ba na kiran sunanki, kunyar ɗan fari ce, haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah. Kina ƙarama kin taɓa tambayar babanki ko na manta sunan ne. Ban ga laifin al'adar ba, kuma ba yau zan bar ta ba. Laifina shi ne na fake a bayanta na haɗa har da godiya na haɗiye. Zainab nakan rungume ta in yi mata kirari a gaban kowa, ke kuwa sai dai in miƙo miki takarda in ce me suka ce. To ga shi a rubuce, inda ba sai na kalli idonki ba. Ina son ki, son da ban yi wa kowa irinsa ba, don ke kika fara mayar da ni uwa. Ina alfahari da ke, kuma ba don abin da kike yi mana ba. Ko da ba ki taɓa fassara mini kalma ɗaya ba haka zan so ki.

Sauran 'yan abubuwa, kafin in manta. Ki tambayi alƙibla ranar da kika sauka, kada ki yi ta fuskantar inda kika saba a nan. An ce mutanen can akwai cin alade har a abin da ba a zato, ki tambaya, ba rashin kunya ba ne. Na sa miki yaji da kuka da daddawa, in an hana shiga da su a filin jirgi ki bar musu, kada ki tsaya kawo dalilai. An ce garin akwai ruwan sama, babanki ya ware miki lema daga cikin masu tsadar, ba irin wadda yake sayar wa masu sauri ba. Ki karɓa ki yi godiya, kada ki ce jaka ta cika, ya daɗe yana zaɓe.

Sannan don Allah kada ki je ki zama magajiyar ɗalibai. Na san ki. Kafin wata ya ƙare za ki san wadda ba ta biya haya ba da wanda bai gane takardar zamansa ba, ki ɗauki kowa ki goya. Ke da kike gyara jerin kaya a kantin mutane muna tsaye muna jiran canji. Ki taimaki wanda ya roƙe ki, daidai ƙarfinki, ki koma kan karatunki. In abokiyar ɗakinki tana dafa shinkafa ta caɓe, ki bar ta ta caɓe, ci za a yi. In kin yi rashin lafiya ki faɗa, ki bar wata ta dafa miki ruwan zafi. A can ke ce baƙuwa mai tsamin baki, za ki tsaya gaban ma'aikaci kalma ta ɓace miki, ki ji yadda nake ji. Kada ki ji haushin kanki, ki yi dariya ki sake gwadawa. Kuma wata rana ki fita yawo ba don komai ba, ki hau duwatsun nan da kike nuna mini a hoto, ki ɓata yini guda babu wanda ya amfana da ke.

Saura maganar Zainab, ita ce ta fi damuna. Ina kallonku makon nan, kin zaunar da ita kina koya mata yadda ake magana da mai gidan haya, wace lamba ake kira in sukarina ya faɗi, wace ƙofa ake bi a ofishin lasisi. Tana gyaɗa kai, idonta ya yi zuru-zuru. Naɗa ta kike yi, kamar yadda na naɗa ki, kuma ban yarda ba. Yarinyar nan wasan gudu take so, ki bar ta ta je atisayenta da yamma ta dawo ta zubar da takalma a ƙofa in yi mata faɗa. Ke da bakinki kika ce sarkinki ba wani sabo ya nemo ya ɗora wa ba, mai abin ya mayar wa abinsa, wanda aka tsallake tun farko. To a gidan nan waɗanda aka tsallake ni ce da babanki. Mu za ki mayar wa.

Za ki ce ba za mu iya ba. Ranar Talata da na ce miki zan je wajen Hajiya Memuna, asibiti na tafi, ranar ganin likitana ce da kika sa aka ɗaga zuwa jibi don ki samu raka ni. Na sa Hajiya ta nuna mini yadda ake mayar da ita. Na je ni kaɗai. Na hau lif na sauka a hawan da ba shi ba, na zauna cikin masu ciwon ido har wata ma'aikaciya ta duba katina ta raka ni. Da na shiga na ce wa likitan, “Hausa interpreter, please,” na yi ta maimaita shi a bas don kada ya gudu. Aka kira, aka samu wani ɗan Gana a waya, ni ina cewa sukari yana cewa sikiri, muka yi dariya har likitan ya taya mu bai san dalili ba. Na faɗi abin da ke damuna da bakina, har da wanda ban taɓa faɗa ba don ba na so ya bi ta kunnenki. An canza mini magani. Na san sunansa, na san lokacin shansa, na san abin da zan yi in ya juya mini ciki, kuma ba zan gaya miki ko ɗaya ba.

Babanki ma jiya ya je maganar lasisinsa da abokinsa Malam Isufu mai sayar da turare. Sun bi layin da ba nasu ba har aka tashi, sun dawo hannu biyu suna zargin juna. Litinin za su koma. Wataƙila su sake ɓata, wataƙila sai an yi ta komawa. Za mu yi kuskure, za a tura mu ƙofar da ba ita ba, wata takardar za ta kwana ba a gane ta ba. Mutanen da suka ƙetare hamada da teku suka kafa gida a garin nan kafin a haife ki ba za su kasa gano ƙofa ba.

Don haka ba shawara nake ba ki ba a wannan, umarni ne, kuma kin san ban cika ba ki umarni ba. Kada ki rubuta wa mutanen nan. Ki haɗa kayanki. In kika zauna saboda ni, kullum na dube ki zan ga abin da na cinye miki, kuma wannan ya fi ciwon sukari saurin kashe ni. In na kira ki a can, zan tambaye ki me kika ci, wa kika gani, ko sanyi ya sa ki mura. In kika tambaye ni ambulan ko magani, zan kashe wayar, in sake kira gobe. Na sauke ki. Ki tafi ki zama 'yar wani kawai, ki ga yadda abin yake.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki sauka lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin dare da na rana da na abin da ba ki sani ba. Ya buɗe miki karatu, Ya riƙe miki sallarki, Ya dawo mana da ke muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba.

Ki wanke idonki kafin ki fito, babanki yana falo, in ya gan ki shi ma farawa zai yi.

Wassalam,
Mamanku